Mun tafa wa mawaƙi, mun bar mai haɗa gurmi da yunwa

A unguwarmu nan Gure akwai wani dattijo mai haɗa gurmi da goge. Tun ina ɗan lakwal nake ganinsa a bakin zaurensa, ƙwarya tsakanin ƙafafu, yana jan jiƙaƙƙiyar fata a bakinta har ta ɗame. Bara da sanyi ya cika buhu da kayansa, ya bi makaɗa zuwa wani taron wasannin gargajiya a Damagaram, tafiyar kusan kilomita 160. Kwana huɗu ya yi. Gurmi biyu kaɗai ya sayar, kuɗinsu ko motar zuwa da dawowa ba su biya ba. Da na je yi masa barka da hanya na ce, "Baba, yaya kasuwa?" Sai ya ce, "Mushe, kowa ya ɗauka sai ya ce ya yi kyau, ya ɗauki hoto da shi, ya ajiye mini abina." Ɗansa da ya fara koyon aikin ya riga ya watsar, yanzu kabu-kabu yake yi a tasha.

Da watan Yuni ya zo, kwamitin iyaye da malamai na makarantar da nake koyarwa ya zauna kan bikin ƙarshen shekara. Aka ware jika 25 don ɗauko mai manyan lasifiku, wanda yara ke kira DJ. Ba wanda ya yi gardama, ni ma na ɗaga hannu. Yara suka yi rawar wuni ɗaya da waƙoƙin cikin waya, da magariba mai kaya ya kwashe kayansa. Da wannan kuɗin gurmi aka saya wurin dattijon nan, da yanzu suna rataye a aji, shi kuma ya ga dalilin kiran ɗansa ya dawo zaure. Don haka wannan faɗan da kaina na fara shi.

Abin da nake son iyaye da ƴan'uwana malamai su gane shi ne, kiɗan gargajiya a kan ciniki yake tsaye. Kafin mawaƙi ya buɗe baki, wani ya nomi duma, wani ya jeme fata, wani ya sassaƙa icen kalangu, wani ya tara tsagiyar doki don goge. Waɗannan ƙananan masu sana'a ne, suna da iyali, suna sayen hatsi a kasuwa ɗaya da mu. Ranar da sana'ar ta daina ciyar da su za su bar ta, kuma ba wanda zai ga laifinsu. A ranar nan mawaƙi ya rasa abin kaɗawa, mu kuma mu hau mumbari muna kukan al'ada ta mutu.

Mu mutanen wannan yanki ba mu da uzurin cewa ba mu san ƙarshen wannan hanya ba. Malam Maman Barka ɗan Tasker ne, a lokacin da Tasker ke cikin gundumar Gure, kuma malamin makaranta ne kamar mu kafin gurminsa ya sa Nijar duka ta san shi. A 2002 ya samu tallafin UNESCO ya tafi bakin tafkin Chadi neman biram, kayan kiɗan Buduma masunta mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Dattijo guda ya tarar, Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne na ƙarshe cikin gwanayen biram. Ya zauna gabansa ya koya, ya fita da biram duniya har dandalin WOMAD a Ingila a 2008. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba 2018. Muna alfahari da wannan labari, amma a tsaya a tambaya: yaya aka yi kayan kiɗan al'umma guda ya rage a hannun tsoho ɗaya, sai da kuɗin waje suka zo ceto? Haka abin ke tafiya a hankali, yau mai koyo ya gudu, gobe mai haɗawa ya mutu. Gurmi da goge na nan Gure a kan wannan turbar suke.

Wani zai ce ai muna da bukukuwa. Gaskiya ne. Tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, kuma filin kokawa ba ya tashi sai da makaɗa da masu kirari. Zamanin Seyni Kunce samariya ta cika garuruwa da gasar waƙa da rawa. Ana gasar Ɗan Gurmu a Tawa, a Yamai kuma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke adana kayan kiɗanmu. Amma a duk tarukan da ni kaina na halarta, ban taɓa jin sanƙira ya kira sunan wanda ya haɗa gangar da ake bugawa ba. Mawaƙi a yi masa liƙi, babban baƙo a ba shi kujera, mai sana'a ya shimfiɗa buhunsa a rana bayan shinge, kusa da masu rake.

A Italiya akwai ƙaramin gari, Castelfidardo, da ya shahara da ƙera akodiyon, wato kayan kiɗan nan mai zuga-zugi da ake rungumewa a ƙirji. Tun 1863 ake wannan sana'a a can, yawanci a masana'antun iyali, kuma kowace shekara garin na shirya gasa da ke jawo makaɗa daga ƙasashe da dama. Wanda ya zo gasa yana iya shiga shago ya ga mai ƙerawa, ya gwada, ya saya. Biki da ciniki tare suke tafiya, shi ya sa jikoki suka gāji kakanni.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: kiɗa roƙo ne, ɗana ba zai zama maroƙi ba. Wasu kuma dalilin addini suke kawowa. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma uban da ya hana ɗansa kiɗa kowane iri, ina girmama matsayinsa. Wanda nake tuhuma shi ne uban da ke kyarar yaro don ya taɓa gurmi, alhali shi ya saya masa wayar da yake kwana da ita a kunne, shi kuma ya ba da karo-karon DJ. Wannan raina na gida ne kawai. Sannan wanda ya iya jeme fata da sassaƙa ice da auna tsirkiya, sana'ar hannu ya iya, kamar maƙeri da baduku. Darasin aikin hannu yana cikin tsarin karatunmu na firamare, amma a ajujuwa da yawa ya koma sharar fili.

Ga abin da nake nema, kuma ba ya bukatar sa hannun minista. Kowane kwamitin makaranta ya cire ko rabin kuɗin biki ya sayi kayan kiɗa wurin mai haɗa su a garinsa, a biya shi farashin da ya faɗa ban da ƙwaƙule shi da tayi. Malamai mu gayyato shi aji ranar aikin hannu, mu biya shi kamar yadda ake biyan kowane gwani, yara su ga yadda ƙwarya ke zama gurmi, mu kuma mu cusa darasin awo da na sauti a ciki. Masu shirya taruka a gundumomi su ware wa masu wannan sana'a rumfa kyauta cikin fili, a kira sunayensu a lasifika.

Ni dai na koma wurin Baba na sayi gurmi ɗaya da kuɗin aljihuna, yana rataye bayan allo a ajina. Ranar farko yara biyu cikin ajin ne kaɗai suka san sunansa. A zaman kwamiti mai zuwa zan ɗauke shi in ɗora kan tebur kafin a fara maganar DJ. Allah ya ba mu ikon gyarawa tun zauren Baba yana buɗe.