Idan Rahoton Bai Isa Kowa Ba, Wa Za A Ba?

Masu karatu, akwai wata al'ada ta hukumomi da ba mu yarda da ita ba. A kan kafa kwamiti ya binciki zaluncin da a ke yi wa talakawa, ya rubuta rahoto mai kyau, sa'an nan a buga kofe kaɗan a raba wa manya. Wanda aka yi rubutun dominsa ko bangon littafin ba ya gani.

Ku dubi abin da ya faru a Amurka. A watan Disamba na 1946 Shugaba Truman ya naɗa mutum 15 su duba yadda a ke tauye hakkin 'yan ƙasa, musamman baƙaƙen fata. Suka miƙa rahotonsu ran 29 ga Oktoba, 1947. Sun nemi a yi doka a kan gungun mutane masu kashe wanda a ke zargi ba tare da shari'a ba, a soke harajin da a ke biya kafin jefa ƙuri'a, a kuma daina ware baƙi da farare cikin soja.

Gwamnati ta buga kofe 25,000. Ga ƙasa mai mutane fiye da miliyan 140, wannan ai cikin cokali ne. Abin da ya taimaka shi ne, a dokar Amurka littafin da gwamnatin tarayya ta wallafa kowa yana iya sake buga shi ba sai ya nemi izini ba. Jaridu suka ɗauka, ƙungiyoyi suka buga nasu, har kofe suka kai wajen miliyan guda. Wata daga cikin 'yan kwamitin, Dorothy Tilly ta jihar Jojiya, ta yi ta zagaya Kudu tana bayyana shi ga taron mata, ko da ya ke ana yi mata barazana.

Saboda haka ra'ayinmu ke nan: in kofe ba su da yawa, a fara ba malamin makaranta, da ɗakin karatu, da shugabar mata, watau waɗanda za su karanta da ƙarfi jama'a su ji. Babban ma'aikaci, in ya samu, sau da yawa cikin kabad ya kan kulle shi. A kuma bar kowa ya kwafa.

Kada dai a ce yaɗa rahoton ya gama aiki nan da nan. Truman ya ba da umarnin daina wariya cikin soja a 1948, amma harajin ƙuri'a a zaɓen tarayya sai 1964 aka soke shi. Dokar hana kisan gungu kuwa, sai a 2022 aka sa mata hannu.