Bindigar Cikin Hoto Shaida Ce, Amma A Yi Hattara

A gidajen 'yan mazan jiya na Bauchi, har da na Zungur, akan tarar da tsohon hoton soja rungume da bindiga, ko tsaye gaban tarin makaman da aka ƙwace. Sau da yawa mai hoton ya rasu, 'ya'ya da jikoki kuwa sai gardama: wannan na Bama ne, ko na yaƙin basasa? To, bindigar kanta tana iya raba gardamar.

Abin da za a fara dubawa shi ne gidan harsashi. Idan gajere ne, katako kuma ya rufe yawancin jikin bindigar, Lee-Enfield ce ta Ingila mai cin harsashi 10, wadda sojojinmu suka riƙe a Bama daga 1943 zuwa 1945. Idan miƙaƙƙe ne mai cin 20, to, ko FN ce ta Baljiyam, wadda ke da mariƙi a bisanta, ko G3 ta Jamus. Duka biyun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera su, saboda haka ba za su fito a hoton Bama ba. Mai lanƙwasa kamar ayaba kuwa, mai cin 30, na Kalashnikov ne. Ita ko Arisaka ta Japan, tambarin fure ke bisanta, alamar gidan sarautar ƙasar.

Sai dai a nan ake yin tuntuɓe. Ganin bindiga a hannun mutum ba ya nuna wanda ya ba shi. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, 'yan Biyafara sun yi faɗa da makaman da suka ƙwace daga sojojin Tarayya. Masana'antar makamai ta Kaduna, wadda gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kafa a 1964, ta ƙera bindigogi ƙirar Beretta ta Italiya. Wanda ya ga irinta a hoto ya ce lalle daga Italiya ta zo, ya yi gaggawa.

Wannan ilmi ba na masu tarihi ne kaɗai ba. Yanzu akan tono hoton wata ƙasa ko na wani zamani, a yaɗa shi ta waya a ce makaman ƙabila kaza ne, kafin a ankara an zubar da jini. Jama'a, a dubi bindigar, a dubi kakin, a tambayi wanda ya ɗauka da shekarar da ya ɗauka, tukuna a tura wa wani.