RA'AYINMU: A Gwada Toka Kafin Ta Shiga Gona

'Yan'uwa, tun zamanin kakanninmu manomin Gwarzo da Kabo ya san amfanin toka. Da rani akan kwashe tokar murhu da shara a kai gona a kan jaki, iyayenmu mata kuma suna tace ruwan toka su sa a miya. Da takin zamani ya yi tsada, sai manomi ya koma marhabin da duk abin da aka ce masa taki ne. A nan damuwarmu take, domin kama da wane ba wane ba ne.

Tokar itace dabam, tokar kwal dabam. Kwal ɗin da ake ƙonawa a tashoshin lantarki, irin tashar Sonichar ta yankin Agadas a Nijar, ko wanda ake haƙa a Maiganga ta Jihar Gombe, yana barin toka da kan ƙunshi dalma da zaiba da arsenik. Ido ba ya ganinsu, amma ruwan sama kan wanke su zuwa rijiya da rafi.

Hanyar tantancewa kuwa sananniya ce. A Amurka ana zuba sharar da ake tuhuma cikin ruwa mai ɗan tsami, a jujjuya ta awa 18, sannan a tace a auna. Idan dalma ko arsenik ya kai miligiram 5 a lita ɗaya, sharar ta shiga sahun masu haɗari. Duk da haka, bayan da madatsar toka ta fashe a Kingston cikin 2008, dokar da ƙasar ta fitar a 2015 ba ta sa tokar kwal a wannan sahun ba. Ashe sunan da hukuma ta ba abu bai isa ya kwantar da hankali ba. Sai an auna.

Mu ma mun ɗanɗana. A 1988 aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya haifar da Doka ta 42. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara.

Babu tashar kwal a Gwarzo ko Kabo, amma akwai masana'antu da majemu a Sharaɗa, Challawa da Bompai, kuma babbar mota ba ta da nisa. Saboda haka muna kira ga hukumar NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano da su hana fitar da toka ko dagwalon masana'anta zuwa gonaki sai da takardar gwaji. Dagatai da masu unguwanni su tambayi kowane direba inda ya ɗebo kayansa. Manomi kuma kada araha ta ruɗe shi: dalma ba ta ruɓewa, in ta shiga ƙasa, jikokinmu ne za su gaje ta.