Kallon Kitse Ake Yi Wa Rogo

Shekara bakwai ke nan ina gabatar da wani shirin safe a gidan rediyo a nan Maraɗi, inda muke buɗe layi masu saurare su faɗi abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Duk ranar da maganar wutar lantarki ta taso, ko kuran kamar yadda muke ce mata a nan, sai an samu wanda ya kira ya ce: "Malam, ai ciwonmu kamfani ɗaya ne. A Turai in kamfani ya tsawwala maka sai ka bar shi ka koma wani. A kawo mana guda goma mu gani in farashi bai karye ba." A da ni ma gyaɗa kai nake yi a gaban makirufo. Yanzu na daina, kuma dalilin da ya sa na daina har cikin tukunyar gidanmu ya shigo.

Yayata tana zaune a Birmingham ta ƙasar Ingila da mijinta da 'ya'ya uku, tana aikin kula da tsofaffi. Daga albashinta ake sayen maganin hawan jinin Inna kowane wata. A farkon 2021 ta bi shawarar da kowa ke bayarwa a can: ta shiga shafin intanet mai jera farashin kamfanonin gas da lantarki, ta zaɓi mafi araha, wani ƙaramin kamfani da ya yi mata alkawarin farashi ɗaya na tsawon shekara. Har ta kira ni tana murna. Kafin sanyi ya kankama sai ga saƙo: kamfanin ya rushe. Ba a yanke mata wuta ba, gaskiya ɗaya ce. An dai miƙa ta ga wani kamfanin da ba ita ta zaɓa ba, kan farashin da ba a yi shawara da ita ba, alkawarin shekara kuwa ya bi ruwa. "Kai dai bari, ƙanena," in ji ta, "an gudu ba a tsira ba."

Ba ita kaɗai ba ce. Daga Yulin 2021 zuwa Mayun 2022 kamfanoni 29 ne suka durƙushe a Birtaniya, abin ya shafi gidaje kusan miliyan 4. Mafi girmansu, Bulb, yana da kwastomomi wajen miliyan 1.7, har sai da gwamnati ta tallabe shi na sama da shekara kafin a sayar wa kamfanin Octopus.

To bari mu tsaya mu fahimci abin da ake nufi da sauya kamfani, don a nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Ranar da ka sauya, babu wanda zai zo ya haƙa ƙofar gidanka ya sa sabon bututu, babu mai hawa falwaya ya ja maka sabuwar waya. Gas ɗin jiya ne zai shigo murhunka, wutar jiya ce za ta kunna ƙwanka. Abin da ya sauya kawai sunan da ke saman takardar kuɗi. Waɗannan kamfanoni dillalai ne, suna saro makamashi a babbar kasuwa su sayar maka. Ɗauki misalin 'yan ga-ruwa goma da ke ɗiba a famfo ɗaya. In ka ga dama ka bar wannan ka koma wa wancan saboda ya fi fara'a ko ya rage maka dala. Amma ranar da mai famfo ya ninka kuɗin jarka sau huɗu, wanne za ka koma wa? Sa'an nan a cikinsu akwai mai wayo, wanda ya zagaya unguwa ya karɓi kuɗin mutane tun kafin ya kawo ruwa, ya rantse zai riƙa kawowa a farashin bara har shekara ta zagayo, alhali ko randa ɗaya bai cika ya ajiye ba. Shi ne ya fi kowa araha, shi ne kuma zai fara jingine kurarsa ya sulale. Haka da yawa daga cikin kamfanonin nan suka yi. Ba su sayi isasshen gas na gaba sun ajiye farashinsa ba, suna juya kuɗin da kwastomomi suka biya tun lokacin zafi, suna fatan kasuwa za ta zauna lafiya.

Ba ta zauna ba. Duniya ta fito daga kullen korona da yunwar makamashi, rumbunan gas na Turai ba su cika ba, ita kuwa Birtaniya ta rufe babban rumbunta na Rough tun 2017. Ana cikin haka Rasha ta afka wa Yukren a watan Fabrairun 2022. Kuma da yake kusan kashi 40 cikin 100 na lantarkin ƙasar da gas ake samar da shi a lokacin, duk inda farashin gas ya nufa nan na wuta ke binsa. Hukumar Ofgem mai sa ido kan harkar tana da iyakar farashin da ba a yarda kamfani ya wuce ba. Ga gida mai matsakaicin amfani, iyakar fam 1,277 ce a shekara a Oktoban 2021. A Afrilun 2022 ta koma fam 1,971. Zuwa Agusta aka sanar za ta kai fam 3,549. A wannan lokacin in ka shiga shafukan nan masu jera farashi, babu abin da za su nuna maka da ya fi zama inda kake. Shekara ashirin ana ce wa mutane su sauya, ranar da wuta ta kama gemu sai aka ce kowa ya zauna wurinsa.

Wa ya kawo ɗauki? Ba gasa ba ce. Gwamnati ce, kuma gwamnatin jam'iyyar da Margaret Thatcher ta jagoranta lokacin da aka sayar da British Gas a 1986. Liz Truss, wadda ba ta da waƙar da ta wuce a sakar wa kasuwa mara, ita ce a watan Satumban 2022 ta tsayar da abin a fam 2,500, baitulmali ya cike gurbin, aka kuma rage wa kowane gida fam 400 a tsawon wata shida na sanyi. Asarar kamfanonin da suka mutu fa? Hukumar binciken kuɗin gwamnati ta ƙasar ta ƙiyasta fam biliyan 2.7, ban da ta Bulb, wato kimanin fam 94 a kan kowane gida, ta kuma ce an yi sakaci wajen barin masu ƙaramin jari su shigo harkar. Wannan kuɗi a takardun jama'a aka zuba shi. Tsohuwar da ba ta taɓa sauya kamfani ba a rayuwarta ita ma ta biya kuɗin cacar da ba ta buga ba.

Na san abin da za a ce mini: ai kafin 2021 masu sauyawa sun ci riba. Ban musa ba, yayata ma ta ci ta 'yan watanni. Tambayata ita ce, daga aljihun wa ribar ta fito? A 2016 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano cewa wajen kashi 70 cikin 100 na kwastomomin manyan kamfanoni shida suna zaune kan farashi mai tsada, kuma jama'a na biyan ƙarin kusan fam biliyan 1.4 a shekara fiye da yadda ya kamata. A jawo sabon kwastoma da rangwame, a tatsi wanda ya zauna. Su wane ne suka zauna? Tsofaffi irin waɗanda yayata ke yi wa wanka, marasa intanet, baƙin da Turancin takarda ke yi wa wuya, da wanda ake bi bashi, don shi kamfani na da ikon hana shi tafiya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda wannan tsari ke juya laifi. In kuɗin wuta ya fi ƙarfinka, ba za a ce an zalunce ka ba, sai a ce kai ne malalaci, ba ka yi bincike ba. Matar da ta fito aikin dare ta raka yara makaranta, ita ake so ta zauna ta tantance wane kamfani ne ke da jarin da zai kai baɗi, aikin da hukuma mai ma'aikata da lauyoyi ba ta yi ba.

Har mita mai kati, irin wadda muka sani a nan, ba ta tsira ba. A can galibi masu ƙaramin ƙarfi ne ke da ita, kuma har zuwa tsakiyar 2023 sun fi masu biya ta banki tsada. A Fabrairun 2023 jaridar The Times ta fallasa yadda masu karɓar bashi ke shiga gidajen marasa galihu da takardar kotu suna dasa musu ita ƙarfi da yaji, har sai da aka dakatar da abin.

Mu kuwa a Nijar darasin ya zo mana ta wata ƙofar. A watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba mu a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, wutar da ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Mu nan Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina take zuwa mana. Don Allah, Alhaji mai kira kullum, da a ce a ranar muna da kamfanoni goma masu raba takardar kuɗi, wanne ne zai kunna maka fanka? Ba ina kare zaman kamfani ɗaya ba ne, shi ma yana da cutarsa, kowa ya sani. Cewa nake yi mu daina ɓata bakinmu wajen roƙon ƙarin dillalai, mu tambayi yaushe madatsar Kandaji za ta kammala, tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 guda nawa za a ƙara irinta, kuma wace hukuma ce ke da haƙoran cizon duk mai sayar mana da wuta in ya ci amana.

A hunturun 2022 yayata ta koma kunna na'urar ɗumama gida awa biyu da safe, biyu da dare, yara na kwana da rigunan sanyi. Wata huɗu ba ta iya aiko komai ba, ni da ƙanenmu muka riƙa haɗa kuɗin maganin Inna, ba mu kuma faɗa wa Inna ba. Kwanan baya ta kira ta ce tallan rangwame ya dawo, wani sabon kamfani ya aiko mata takarda, me na gani? Na ce, "Yaya, in akwai sauƙi ki karɓa, amma ki fara bincika shekararsa nawa." Ta ce ta duba, bai kai autanta ba.