Dokar kwale-kwale: kada a jira sai an ɗauko gawa a Madarunfa

Duk wanda ya leƙa tafkin Madarunfa a ranakun hutun Sallah ya san abin da ake gani a bakin ruwa. Samari da 'yan mata, har da ƙananan yara, kowa na rububin shiga kwale-kwale a zaga da shi a ɗauki hoto. Da na je a bara, na tsaya ina kallon wani jirgi da aka cika har ruwa na neman taɓa bakinsa, kuma ba wanda ke sanye da rigar ceto, har shi mai tuƙin. Da na tambaye shi mutum nawa aka yarda ya ɗauka, dariya ya yi mini.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. A ƙasar nan, maganar tsarin zirga-zirgar jirage a kan ruwa ba ta tasowa sai an yi rashi. A watan Satumba na 2017, jirgin da ya taso daga Gaya da 'yan kasuwa ya kife a yankin Lolo na jihar Kebbi a Najeriya, mutum sama da 30 suka rasu. A Fabrairun 2019 wani ya sake kifewa kusa da Sambera a jihar Doso, gomman mutane suka ɓace. An yi ta'aziyya, an yi alƙawari, ruwa ya ci gaba da gudu.

Wurin da doka ta fi tsauri a kan takarda shi ne gandun dajin W da ke jihar Tilaberi. An kafa shi a 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, kuma ɓangaren Nijar ya kai kimanin hekta dubu 220. Sunansa ma daga ruwa ya samo shi, domin kogin Isa ne ke lanƙwasa a wurin kamar harafin W. A cikin gandun an hana farauta da su, kuma ba a shiga sai da izini da ɗan rakiya. Akwai hujja: a kogin ne dorina ke renon 'ya'yanta, a nan ayu ke ɓuya, kuma farfelar inji na yi masa rauni saboda ba shi da sauri. Dorina mai ɗa kuwa ba ta tambayar ko kai baƙo ne kafin ta kifar da jirgi.

Sai dai doka tana tafiya ne da ƙafar mai tsaronta. Tun da 'yan bindiga suka samu mafaka a dazuzzukan iyakar Nijar, Benin da Burkina Faso, masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, jami'an gandun daji kuma ba sa iya kaiwa ko'ina yadda suka saba. Abin da nake tsoro shi ne, ranar da hukuma za ta waiwayi ruwan nan, ta ɗauki hanya mafi sauƙi: a hana kowa da kowa, shi ke nan.

Mun ga irin wannan a Difa. A 2015, saboda Boko Haram, aka hana su da cinikin kifi a yankin tafkin Cadi, ba a ɗage haramcin ba sai 2019. A tsakanin nan masunta sun talauce, wasu suka koma yin su a ɓoye suna biyan haraji ga waɗanda ake son a karya. Masuncin Bumba da ke mahaɗar kogin Isa da Mekuru, wanda kakanninsa suka san kowane gurbin dorina, idan ka raba shi da jirginsa ka rasa idon da zai gaya maka wa ya tsallaka da dare.

Shi ya sa nake ganin a fara daga inda hannu ke kaiwa. Madarunfa da Gidimuni sun shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019, Tabalak ta riga su tun 2005. Ba gandun daji ba ne kamar W, mutane na rayuwa da su, kuma jami'i na iya zuwa ya dawo gida lafiya. Dokar su tana nan, abin da babu shi ne ƙa'idar da mai jirgi zai gani da idonsa a bakin ruwa.

A rubuta lamba da adadin mutanen da kowane jirgi zai ɗauka a jikinsa, da fenti, yadda fasinja ma zai iya ƙirgawa ya ƙi shiga. A hana ɗaukar fasinja bayan magariba. A ware gefen da kifi ke ƙwai da inda tsuntsaye ke sheƙa, kada inji ya shiga, sai gora da filafili. Kuma kada a zana wannan taswira a ofis a Yamai. Sarkin Ruwa da ƙungiyar masunta sun fi kowa sanin watan da kifi ke haihuwa, kuma dokar da suka sa wa hannu su ne za su fara kama wanda ya karya ta.

Na san abin da masu jirage za su ce: rigar ceto kuɗi ce, kuma sun sha ganin sabuwar doka ta zama sabuwar hanyar karɓar na goro. Suna da gaskiya, musamman a na biyun. To a bar musu tarar a shekarar farko. Ma'aikatar magajin gari, wadda ke karɓar kuɗin kasuwa da na tasha, ta sayi riguna ta ajiye a mashigar jirage a hannun ƙungiyarsu, a karɓa lokacin shiga, a mayar lokacin fita. Idan hukumar garin Madarunfa ta sa wannan a kasafinta na bana, ana iya gwada shi kafin Sallah mai zuwa.