Dutsen Kwatarkwashi Ya Wuce A Kalle Shi Ta Tagar Mota

Duk ɗalibin da ya taso daga Ƙauran Namoda zai tafi Zariya ta hanyar Gusau, ba zai daɗe da barin Gusau ba sai ya hangi wani ƙaton dutse ya tokare sama, gari kuma na kwance a gindinsa. Kwatarkwashi ke nan, a cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Yawancin matafiya kan leƙa ta taga, su ce "Allah mai iko," mota ta wuce. Abin takaici shi ne, cikin waɗanda ke wucewa akwai masu ilmin da za su iya ba da labarin duwatsun Turai dalla-dalla, amma ba su taɓa taka gindin wannan ba.

Alhali kuwa dutsen nan littafi ne na tarihin ƙasar Zamfara. Kamar yadda Dala take a Kano, Kufena kuma a Zazzau, haka mutanen da suka rigaya suka zaɓi zama kusa da shi, domin ya zame musu garkuwa a zamanin yaƙe-yaƙe. An san shi da mikiya, an kuma san garin da bikin Baura, wanda a da samari kan hau dutsen su nuna bajinta. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna ta ƙarewa. A shekarar 2022 Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan shekara 61 a kan gadon sarauta, kuma ba ƙaramin sani ne ya tafi da shi ba.

Saboda haka ya kamata Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, wadda aka kafa a 1983, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, su mai da hawan wannan dutse wani sashe na karatu. Sai dai akwai hawan da ke da amfani, akwai kuma wanda gara a bar shi.

A 1986, lokacin da Kanar Yohanna Madaki ke Gwamnan Jihar Gongola, aka cika ƙasar nan da labarin wai an "gano" mutanen Koma a kan duwatsun Alantika. Jaridu suka yi ta buga hotunan mata sanye da ganye, 'yan birni suka yi ta hawa kallo, sai ka ce ba 'yan Adam ne masu harshe da noma da dokokin zamansu ba. Kalmar "ganowa" ita kanta raini ce, domin maƙwabtansu sun daɗe suna cin kasuwa da su. Da ɗokin ya lafa, sai masu kallo suka koma gida da hotuna, masu dutse kuwa suka ci gaba da neman asibiti da makaranta.

Sukur, a Ƙaramar Hukumar Madagali, ta nuna wata hanya dabam. Can an girmama aikin hannun mutane: fadar Hidi ta dutse, da hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga ƙasa har bisa, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin tsauni, da matoyar ƙarfe ta kakanni. Wannan ne ya sa a 1999 UNESCO ta sanya ta cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce ta farko a Nijeriya. Baƙo ya kan je can ne don ya koyi abu, ɗan gari ne kuma ke yi masa jagora.

Irin wannan ake so a Kwatarkwashi. A fara da gaisuwa a fada, a nemi izini. 'Yan gari su zama jagora, a biya su ladan aikinsu a hannu. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Ɗaliban safiyo su auna dutsen, na tarihi su zauna da tsofaffi su naɗi maganarsu, a ajiye kwafi ɗaya a garin, ba a kwashe duka a kai ofis a Gusau ƙura ta ci ba.

Wani zai ce ai wannan mafarki ne, tun da ɓarayin daji sun sa tafiya daga Shinkafi ko Zurmi zuwa Ƙaura ma ta zama abin fargaba. Maganarsa gaskiya ce, kuma babu shugaban makarantar da ya dace ya fitar da 'ya'yan mutane ba tare da tabbacin jami'an tsaro ba. Sukur ita ma ba ta tsira ba, Boko Haram ta kai mata hari a 2014. Amma naɗar maganar dattawa ba ta bukatar ayari. Malami ɗaya da ɗalibai biyu 'yan asalin garin, da wayar hannu, sun isa a fara aikin a hutun da ke tafe. Abin da ya rage ga hukumomin al'adu na jiha shi ne su ba su takardar gabatarwa da kuɗin mota.