In kifi ya mutu, a fara tambayar ruwa

Matafiyin da ya bar Tawa ya nufi Agadas, bayan kilometir kamar 50 zai iske Tabalak da tabkinta, da mata masu soyayyen kifi a bakin hanya. Wannan tabki, tare da na Ɗan Dutsi, ya shiga jerin wuraren ruwa masu daraja na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005. Masunta na ci daga gare shi, haka fatake, kuma a cikin birni ga ma'aikata da ƴan kasuwa da ke zuba jarinsu a kiwon tarwaɗa cikin tankunan siminti. Dukansu abu guda ke razana su: a wayi gari a tarar kifi ya juya ciki sama, ba a san dalili ba.

Abin da ya fi saurin zuwa baki shi ne an zuba guba, ko kuma annoba ta sauka. Na farko yana haddasa gaba tsakanin maƙwabta, na biyu yana tura mutum kasuwa sayen kafso ya barbaɗa a ruwa. Alhali kuwa mafi yawan mutuwar farat ɗaya daga ruwan kansa take fitowa, kuma yadda kifin ya mutu yana faɗin abin da ya kashe shi ga wanda ya natsu ya duba.

Tambaya ta farko ita ce lokaci. Kifi da iskar oksijan da ta narke a ruwa yake numfashi, ruwan zafi kuwa ba ya riƙe ta da yawa: lita guda a digiri 20 tana ɗaukar miligiram kamar 9, a digiri 30 kuwa 7 da rabi. Gansakukar da ke sa ruwa ya yi kore tana ba da iskar da rana, amma da dare ita ma shaƙa take yi, saboda haka da asuba ne ruwa ya fi talaucewa. Idan a bazara, watan Afrilu ko Mayu, lokacin da tabki ya ja baya, aka ga karfasa ta taru a sama kafin fitowar rana tana buɗe baki, da hantsi kuma ta koma ƙasa, to ba maƙiyi ba ne, iska ce ta ƙare. Haka yake faruwa bayan ruwan farko na damina, sa'ad da koramun Adar suka kwaso kashin dabbobi da laka da shara suka juye a tabki. Ruɓewarsu tana cinye iskar cikin dare ɗaya ko biyu.

Tambaya ta biyu: wane kifi ne ya mutu? A nan ne shaidar ta fi ƙarfi. In iska ce ta yanke, manya ke fara faɗuwa, giwan ruwa a gaba, domin ba ya jure ƙarancinta. Tarwaɗa kuwa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, gaiwa ma huhu gare ta, sai a gan su garau ana kwasar gawar sauran. Guba ba ta wannan zaɓe. Ƙanana take fara kayarwa, ba ta barin tarwaɗa, har kwaɗi da ƙwarin ruwa ana samunsu a mace, kifin kuma kafin ya mutu yakan yi ta juyi yana karkarwa, ko da tsakar rana ne. Ba lallai da mugun nufi aka zuba ta ba. Mai lambun albasa ko tumatir da ya wanke famfon feshinsa a bakin tabki ya isa. Maganin ƙwarin nan endosulfan, wanda kaɗan daga cikinsa ke hallaka kifi, ƙasashen CILSS sun hana shi a 2007, yarjejeniyar Stockholm ta sa shi cikin haramtattu a 2011, sai dai waɗanda suka gaje shi, irin su lambda-cyhalothrine, su ma ba su tausayin kifi.

Cuta ta gaskiya tafiyarta daban ce. Sannu take ɗauka, yau biyar, gobe goma, galibi iri ɗaya take kamawa, kuma tana barin alama: miki a jiki, kumburin ciki, ido ya fito waje, ko farin abu kamar auduga a fata. Wannan na ƙarshe a lokacin ɗari ya fi yawa, sa'ad da sanyin hunturu ya hana karfasa cin abinci ya raunana ta. A ɗaga murfin kunnen kifin a dubi naman da yake numfashi da shi: ja wur shi ne lafiya, in ya koɗe ko ya yi yauƙi akwai magana. Annoba ba tatsuniya ba ce; a 2018 wata ƙwayar cuta mai suna ISKNV ta yi ɓarna mai yawa a gonakin karfasa na tabkin Volta a Gana. Shi ya sa ƴaƴan kifin da aka sayo daga nesa ya kamata su yi mako biyu a keɓe kafin a haɗa su da na gida.

Mai tanki a birni, shi kam sau da yawa hannunsa ne ya ja masa. Abinci ya yi yawa, kifi ya yi cunkoso, saura da kashi suka ruɓe suka zama amoniya mai ƙona kifin. Ruwan famfo da aka zuba kai tsaye ma yana iya zuwa da sinadarin kulorin. Matakin gaggawa ba ya cin ko dala: a tsai da abinci kwana ɗaya ko biyu, a sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda ya kwana a buɗe, a motsa shi ya sha iska. Kafso ba ya mayar da iskar da ta ƙare, illa ya zauna a naman da za a sayar wa mutane.

Sauran maganar ta fatake ce. Kifin da aka tsinta a mace arha gare shi, banda kuma tana rufe kamanninsa, amma hayaƙi ba ya fitar da maganin ƙwari daga nama. Muddin ba a tabbatar da sanadi ba, binne shi ya kamata, nesa da ruwa da karnuka. A sanar da ma'aikatan ruwa da gandun daji a ranar, kada a bari sai an kwana uku. Abin da mai bincike ke buƙata shi ne kifi mai rai da ke cikin ciwon, ko wanda ya mutu yanzu-yanzu a cikin ƙanƙara, da ruwan wurin a kwalba mai tsabta da aka cika har baki, an rubuta rana da sa'ar da aka ɗebe shi.